Baya da Baya a Gindin Mota

Kowace shekara, wajen lokacin cirar albasa, darasin nan yakan zagayo ni a aji. Ingilishi nake koyarwa a wata kwaleji a Birnin Ƙonni, garin da kowane yaro yake ganin ya riga ya iya harshen tunda ya taɓa ciniki da naira. Darasin na kalmomi biyu ne, "back" da "rear". Ƙamus yana fassara su duka da "baya", daga nan ya kama gabansa ya bar malami da sauran aikin.

Abin da nake gaya wa ɗalibai ba shi da yawa. Ta farkon kalmar gida ce, ta kowa da komai. Mutum yana da ita, hannu yana da ita, takarda ma haka. A kanta ake goyo, ita ake jinginawa da bango, ita ake juya wa wanda ba a son haɗa ido da shi. Ta biyun kuwa ta kanikawa ce da sojoji da masu zanen gini. Ba ta da fata, ba ta zufa, wuri kawai take nunawa, can ƙarshen abu, inda mu muke cewa gindin mota ko wutsiyar ayari. Sukan rubuta, su haddace, su manta kafin jarrabawa. Ni dai ban manta ba, domin akwai ranar da na zauna a kan ta biyun, na jingina da ta farkon, ina jiran in san ko matata za ta rayu.

Dole in fara da surukata, uwar matata. Na daɗe ina gaishe ta kafin wannan rana, amma da an ba ni takarda an ce in siffanta fuskarta, da na faɗi. Bayanta na sani. In na je ƙauyensu, can gaba da Tajaye, nakan tuɓe takalmi tun daga bakin darni, in durƙusa nesa, ita kuma ta ja mayafi ta juya ta fuskanci rumbu. Ni in tambayi ƙasa lafiyarta, ita ta amsa wa rumbu. Haka muke yi har gaisuwa ta ƙare. Ba ta zama inda na zauna, ba ta cin abinci in ina gidan, in kuwa ta hango ni a kasuwar Badagishiri sai ta tuna tana da magana da wata a wancan layin. Baƙo zai ce ƙiyayya ce. Mu mun san girma ne, irin wanda uwa take ba mijin ɗiyarta kaɗai. Mace ce ƙaƙƙarfa, mai faɗin kafaɗa. Tun rasuwar mijinta ita take riƙe da gonarsu, ba ta kuma taɓa neman a taya ta ba.

Kunyarta ba a kaina ta tsaya ba. Matata ƴar fari ce, don haka uwarta ba ta faɗin sunanta, in za ta ambace ta sai ta ce "waccan". Kakarta ta wajen uba ita ta yaye ta, ita ta raine ta, har matata ta tashi tana kiran uwar da ta haife ta Yaya. Kakar nan tsohuwa ce siririya kamar karan dawa, mai baki kamar aska. Ita kaɗai a gidan take da ikon yi mini wasa. Ango take ce mini, takan kuma tambaye ni yaushe zan bar cin alli in yi ƙiba.

Mun jima da aure kafin matata ta sami ciki. Da ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Hutun damina ne, lakwal, wato makaranta, a rufe, ina zaune a Ƙonni ba ni da aikin yi sai duban waya. Wata safiya wayar ta yi ƙara. Kaka ce, da wayar maƙwabci. Ba ta ce mini ango ba, daga nan na miƙe tsaye. Ta ce naƙuda tun jiya, har yanzu shiru. Mai aikin ɗakin shan magani na ƙauyen ya duba ya ce ɗan a gicciye ya kwanta, abin ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti inda ake tiyata. Ya nemi motar asibiti, an ce ta fita da wani majinyaci.

"Ka zo da mota," in ji ta. "Turancin ka bar shi gida."

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, mai bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da ke jigilar buhuna tsakanin kasuwanni. Na same shi a tasha ya gama lodin wake. Mushe yake ce mini, "monsieur" na Faransanci ke nan, kamar yadda kowa ke ce wa malamin lakwal, sai dai shi yakan ja kalmar har ta zama tsiya. Ranar nan fuskata kawai ya duba, ya sa aka sauke buhunan duka don mota ta yi sauƙi ta yi gudu. A lokacin dabara ce mai kyau, ni ma na taya saukewa.

Tsakanin kwalta da ƙauyen akwai ƙorama. Yawancin shekara ba komai ba ce illa faffaɗan rairayi da geza a gaɓa, ba gada, ba alama sai sawun amalanke. Direbobin wajen suna da hanya ɗaya ta ƙetare ta: a ja baya, a taho da gudu, a faɗa mata, kada a ɗaga ƙafa sai an hau tudun wancan gefe. Haka muka yi a zuwa, kaina ya bugi rufi, muka fita. Da muka hau, taubashina ya waiga wajen duwatsun Badagishiri, inda sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya ƙara wa motar wuta. Inda muke rana ce tas. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ƙorama ba ruwan da ya sauka a kanta take kawowa ba. Na can nesa take ɗaukowa, ta iso da shi rana tsaka, ba sallama.

Ban shiga gidan ba. Miji ba ya shiga gidan surukai ranar naƙuda, ba ya ma nuna ya san ana yi. Na tsaya a waje ina nazarin darni kamar an aiko ni in saya. Mata suka fito da matata a kan katifa, suka shimfiɗa ta a bayan motar, kanta wajen ɗakin direba. Na saci kallo. Fuskarta ta koma launin toka, leɓenta ya fashe don cizo, amma ko uffan ba ta ce ba. A can, macen da ta yi kuka a naƙudar fari har jikokinta sai sun sha gori. Kaka ta hau ta ɗora kan matata a cinya.

Surukata bai kamata ta zo ba. Uwa ba ta raka ƴar fari wurin haihuwa. Ta fito da buta da ƙunshin zannuwa, ta miƙa, sannan ta gaya wa iska cewa tsohuwar nan mantuwa gare ta, za ta baro wa mutane buta a asibiti. Sai ta hau don ta kula da buta. Ta zauna can ƙarshe, a gindin motar, ta ba kowa baya. Ni na shiga gaba kusa da direba. Tsakanina da ita akwai gilashi da tsawon mota, komai ya zauna daidai.

Ba mu yi nisa ba kaka ta fara dukan rufin mota da tafin hannu. Muka tsaya. Ta ce jini ya fara zuba, duk ramin da muka faɗa ƙaruwa yake, a tafi a hankali. Muka tafi a hankali, irin tafiyar da mutum yake jin kowane juyin taya a haƙoransa. Da muka iso bakin ƙorama taubashina ya taka birki, ya leƙa ta taga ya yi wa kaka bayani: wurin nan gudu yake so, in an lallaɓa shi sai ya riƙe mota. Kaka ta ce in ya faɗa da ita irin faɗawar da suka saba, gawa zai hau da ita wancan tudun. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma babu wanda za a kai ƙara wurinsa. Taubashina ya yi bisimilla, ya sa giya ta ɗaya, muka gangara.

Mun wuce tsakiya. Har na fara ganin saiwoyin gezar wancan gefe. Sai motar ta yi wani nishi, ta karkata, ta zauna.

Muka yi abin da ake yi. Muka tona da hannu, muka karyo geza muka cusa ƙarƙashin tayoyi, taubashina ya rage musu iska. Ya koma ya ba ta wuta. Tayar baya ta hagu sai juyi take a banza, tana watsa rairayi. Irin motar nan da tayoyin baya take tafiya, kuma don kaya aka yi ta. In babu nauyi a gindinta, tayar ba ta cizon ƙasa. Nauyin da take nema mun baro shi a tashar Ƙonni, a jere, cikin buhuna.

Sai iska ta sauya, ta taho da sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can sama da mu, inda ƙorama ta yi kwana, wani makiyayi yana korar raƙumansa daga cikin rairayi, yana dukansu ba tausayi, yana kaɗa mana rawani. Ya yi nisa da zuwa taimako, bai yi nisan da za mu kasa gane nufinsa ba. Ƙarƙashin ƙarar injin ina jin wani gunji, kamar manyan motocin siminti na Malbaza in sun biyo juna a kwalta. Babu kwalta ta wannan wajen.

Taubashina ya yi magana da sauri. Ya ce in hau baya in zauna a kan tudun ƙarfen da ya rufe tayar hagu, ni da surukata, mu riƙa dannawa tare duk lokacin da ya ba ta wuta. In ta ƙi fita, sai mu ɗauki mai naƙuda a hannu mu hau tudu mu bar wa ruwa motar. Bai ƙarasa ba, ban kuma bukaci ya ƙarasa ba. Daga tudun nan zuwa kwalta tafiyar amalanke ce, amalanken ma babu, kuma matata ba ta da jinin da zai kai ta.

Na taka taya na hau ta hagu. Surukata ta sauka ta dama.

Ba shawara ta yi ba, na tabbata. Jikinta ne ya yi, kamar yadda hannu yake janyewa daga wuta. Mijin ɗiyarta ya hau inda take, sai ta ba shi wuri. Ina jin lokacin da motar ta ɗaga a ƙarƙashina, ta yi sama kaɗan kamar mai ajiyar zuciya.

Taubashina ya ga abin ta madubi. Ba shi da bakin yi mata faɗa, surukar ɗan'uwansa ce, don haka ya juye a kaina.

"Danna, Mushe! Kai da allon lakwal ɗinka duka ba ku kai tiya guda ba."

Na danna. Na tashi na faɗa, na tashi na faɗa. Tayar ta ci gaba da juyinta, ba ta ma san ina wurin ba.

Ita kuwa ba tsayawa ta yi tana kallo ba. Ta tuɓe takalmanta ta jera su a kan rairayi, ta ɗaura mayafi a ƙugu, ta sa kafaɗa a gindin motar tana turi. Turin mace mai noma ne, har ƙarfen yana ƙara. Amma mai turi daga ƙasa ɗagawa yake yi, duk ƙarfinta ƙara wa tayar sauƙi yake. Rairayi yana feshin fuskarta, ba ta kauce ba. Ta yarda ta mutu a ƙarƙashin motar, hawa ne dai ba za ta yi ba.

Kaka ta yi mata magana daga inda take, hannuwanta duka a kan matata. Ta ce ta hau. Ta ce kunya ba guduwa za ta yi ba, in an ƙetare za ta same ta a wancan tudun tana jira. Ta tuna mata cewa ita uwar mijinta ce, umarni take ba ta. Surukata ta ƙara sunkuyar da kai, ta ƙara turi.

Ruwan farko ba ya zuwa da ban tsoro. Wani harshe ne siriri, ja, mai kumfa a baki, yana ture da karan gero da kashin awaki, yana tafe kamar baƙo mai neman gida. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya lashi tayoyi, ya wuce. Na biyu ya fi shi faɗi. Gezar da muka cusa ta fara motsi. Can a kwanar na ga wani abu ya tokare daga gaɓa zuwa gaɓa, launin kunu, da itace a kansa yana juyawa.

Taubashina ya buɗe ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Na gane ya yanke shawara, ɗaukarta za mu yi.

A nan ne matata ta yi magana, karon farko tun da aka fito da ita. Ba ƙara ta yi ba. Da injin bai lafa ba a daidai lokacin, da ba wanda zai ji.

"Inna," ta ce.

Wadda ta raine ta Kaka take ce mata, don haka ba wanda ya yi kuskuren wadda ake kira. Tun da ta iya magana ba ta taɓa faɗa wa matar nan wannan kalma ba.

Turin ya tsaya. Kaina yana sunkuye, ƙafafu kawai na gani, jiƙaƙƙu, sun taka ƙarfe sun hau. Motar ta koma ƙasa. Ƙafafun suka zo har inda nake, suka juya suka fuskanci katifa. Ta yi magana da kaka, kamar ba na duniya.

"A ce ma baƙon nan ya juya. Ya ba ni baya."

Na juya na fuskanci inda muka fito. Tudun taya bai fi zaman mutum ɗaya ba, mu biyu muka raba shi. Bayanta ya sauka a kan nawa, da zafi, da zufa, da faɗi kamar ƙyauren zaure. Ba wanda ya ga fuskar wani. Taubashina ya ja ƙafarsa ciki, ya rufe ƙofa, ya ba ta wuta.

Da farko muka saɓa, ina tashi tana sauka. Sai ta daki bayana da kafaɗa, ba da wasa ba, irin dukan da ake yi wa jaki ya koma hanya. Na bar tunani, na bi ta. Mace ce da ta yi rayuwarta tana daka da wata a turmi ɗaya, ta san yadda ake ba abokin aiki lokaci ba tare da magana ba. Mu ɗaga tare, mu faɗo tare. Ƙarfen ƙarƙashinmu yana kuka. Ruwa ya kai rabin taya, ina ganinsa yana cin rairayin da take kai. Na ga takalmanta sun tashi, ɗaya ya bi ɗaya, suna juyi, sun tafi. A wata faɗowa tayar ta ciji geza. Motar ta zabura gaba, ni kuma na tafi da ka zan faɗa ta gindinta cikin ruwa. Ta saƙalo gwiwar hannuna da tata, ba ta waiga ba, ta mayar da ni kamar ɗan akuyan da ya nufi shukar mutane. Ba ta saki ba sai da hancin motar ya ɗaga muka hau tudu.

Ni ne mai fuskantar baya, don haka ni kaɗai na ga abin da ya biyo. Inda muka tona da hannu ya ɓace. Itacen nan ya zo ya wuce ta daidai wurin, saiwoyinsa a sama. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye ni.

Taubashina bai tsaya in koma gaba ba. Ko da ya tsaya ma ban ga yadda za a yi ba: duk wanda ya fara tashi sai ya juya, in ya juya sai an haɗa ido. Muka zauna yadda muke. Daga nan har asibiti ban ga matata ba. Abin da na sani game da ita duka ta ƙashin bayan uwarta nake jinsa. In ya sassauta, na san tana numfashi. In ya ƙage kamar icce, sai in riƙe nawa numfashin har ya saki. Na karanta littattafai da dama, waɗansu ma da ƙamus a hannu, ban taɓa karanta wani abu da hankalina duka kamar yadda na karanta bayan nan ba.

Muka hau kwalta, ya sakar mata wuta. Gonakin gero suna gudu suna komawa inda muka fito. Wajen Tsarnawa jandarma ya ɗaga hannu a shinge, ya leƙo, ya ga katifa, ya ga jini, ya sauke igiya da kansa. Ya kuma ga wani mai tabarau da wata dattijuwa ba takalmi sun haɗa baya kamar an ɗaure su. Bai tambaya ba, Allah ya saka masa.

Gaba da Tsarnawa ne bayanta ya ƙage bai saki ba. Na jira. Na ji kaka tana kiran sunan matata, tana sake kira, da wata murya da ban san ta da ita ba. Daga nan bayan ya fara rawa, a hankali, ba sauti. Ban sani ba ko kuka ne, ko addu'a, ko abin da nake tsoro ya riga ya faru. Waiwaye ɗaya zai gaya mini. Tambaya ma ta isa. Wuyana ya ƙi, bakina ya ƙi. Ashe abin da ya sauke ta daga mota a ƙorama ni ma yana jikina. Abin da na iya shi ne na ƙara danna bayana a nata. Ta bar shi. Can wajen shigar gari na ji ta ja dogon numfashi, sai muryar kaka ta dawo irin tata ta kullum, tana cewa wata ta buɗe ido yanzu don ta ji ƙanshin birni, ƙauyanci dai ba ya ƙarewa.

A asibiti ma'aikata suka zo da gadon turawa suka ɗauke ta, kaka ta bi su tana ba su umarni. Da hayaniyar ta lafa sai na ji bayana ya yi sanyi. Ban san lokacin da ta sauka ba. Na hango ta can gindin wani dogon yaro, ta fuskanci katanga, buta a gabanta, ƙafafunta duk busasshiyar laka. Ni na zauna a wani gindin, na fuskanci wata katangar. Taubashina ya yi ta kai da kawo tsakaninmu da ruwan sha, yana gaya wa kowannenmu cewa ɗayan ya ce a yi haƙuri, alhali ba wanda ya ce komai.

Bayan la'asar kaka ta fito. Wurina ta fara zuwa, tana tafe a hankali don ta ja mini rai.

"Ango," ta ce, "an yanka, an ɗinke. Matarka ta farka tana neman ruwa. Ɗiya ce, siririya, kamar wani da na sani."

Daga nan ta wuce gindin ɗaya bishiyar. Ban ji abin da ta faɗa ba. Na dai ga bayan nan ya sunkuya har goshi ya taɓa ƙasa, ya daɗe a haka, sannan ya miƙe aka gyara mayafi, aka ɗauki buta.

Yarinyar tana nan, ta girma har ta fara gyara mini lafazi. Ƴar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Taubashina tun ranar nan ba ya fita sai da buhu a gindin motarsa, kuma in ya gan ni sai ya tambaya ko na kai tiya. A aji, in ɗalibi ya nemi misali, nakan ce mota tana da ta biyun, mutum yana da ta farkon, in juya in goge allo.

Ni da surukata ba mu taɓa tayar da maganar ba, ba mu ma da hanyar tayar da ita. Kafin suna na sayi takalma a kasuwar Ƙonni, na ba kaka, na ce wani ne ya tsinta a bakin ƙorama. Kaka ta juya su ta ga sababbi ne fil, ta ce lallai ruwan bana ya iya wanki. Da na je gaisuwa bayan an gama wankan jego, na tuɓe nawa a bakin darni, na durƙusa inda na saba. Ta ja mayafi, ta juya ta fuskanci rumbu. Na tambayi ƙasa lafiyarta, ta amsa wa rumbu. Takalman suna ƙofar ɗakinta a jere, da ƙurar gona a jikinsu.